Sharaɓarka da Tawa

Unguwar Sarki, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa ka sauka Abuja lafiya, Ya sa zaman jirgin ƙasa bai ƙara kumbura maka ƙafar ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a sansanin da za ka zauna.

Ummanku na ba wa takardar nan ta saka maka a jaka, ƙarƙashin dambun naman da ta yi maka, don na san nan hannunka zai fara kaiwa. Na rubuta ne saboda ni da kai ba mu iya magana ba. In na buɗe baki faɗa ne yake fitowa, kai kuma sai ka sunkuyar da kai ka ce "to Baba", ka tashi ka je ka yi abin da ka ga dama. Don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci.

Ba zan ɓoye maka ba, har gobe wasan nan naku bai shiga kaina ba. Mutum ya faɗa ruwa ya yi ta iyo, ya fito sharkaf ya haye keke, ya sauka daga keke ya zura da gudu, alhali ba kare ne ya biyo shi ba. Mu a zamaninmu abu ɗaya mutum yake kamawa, ya ishe shi wahala. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba, ƙafarka ce. Tsokar sharaɓarka ta dama, naman nan na bayan ƙwauri, ta yage, kuma ba ta gama haɗewa ba. Madam Rifkatu, likitar gashin ƙashin da take duba ka, a gabana ta ce maka: "Iyo kawai na yarda maka, shi ma kar ka tura bango da ƙafan nan. Keke sai an kwana biyu, a hankali. Gudu kam ka manta da shi tukuna, ko kocinku zai yi kuka da hawaye." Ka ce ka ji. Ka ce iyo kawai za ka yi a sansanin, gasar fitar da gwani da ke tafe kuma kallo za ka yi. To, Ummanku ta ga takalman gudunka a ƙasan jaka, ka naɗe su cikin tawul. Tun da ta gaya min abinci bai yi min daɗi ba.

Tun kana yaro kake ganina ina jan ƙafar hagu. Ka san a wajen gudu na samo ta, don kowa a unguwa ya sani, amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka yadda aka yi ba. Ba rana ɗaya ta lalace ba. Ni na yi ta lalata ta kaɗan-kaɗan, kuma duk inda na kuskure akwai wanda yake gefe yana ce min na yi daidai.

Lokacin ina ƙaramin akawu a ma'aikatarmu, ban yi aure ba, kuma ni nake wakiltar ma'aikata a gudun yada ƙanin wani in wasannin ma'aikatan gwamnati suka zo. Ba alfahari ba, in na saki ƙafa sai dai a ga ƙeyata. Muna horo mu biyu ne, ni da abokina Sale, ɗan ofishinmu, wanda kullum shi yake zuwa na biyu. Wata safiya mun taso daga nan unguwa mun nufi Kawo, sai na ji kamar an ɗauki dutse an maka min a bayan ƙafa. Na tsaya na waiga ina neman yaron da ya jefe ni. Ba kowa a hanyar sai Sale, shi ma yana gefena ne, ba a bayana ba. Ranar da aka kawo ka gida a Keke Napep, bayan ka dawo daga Katabu a kan keke ka sauka ka kama gudu, ka ce wa Ummanku, "Wallahi Umma sai da na juya, na ɗauka wani ne ya jefe ni." Ina ɗaki na ji ka, kuma maganar da na yi wa tawa uwar ke nan.

Wautata ta fari ita ce raina abin. Na ce ƙafa ce ta ɗaure, za ta saki. Na koma gida ina ɗingishi a kan yatsu, na yi wanka, na tafi ofis, na yi ta hawa bene da sauka ina kai fayil. Wanda duk ya tambaya sai in ce ba komai. Da yamma na sa aka tafasa ruwa na gasa wurin, na murza man zafi har ƙwalla ta zubo min, ina ganin jarumta nake yi. Kashegari ƙafar ta kumbura suntum. Naman da ya yage jini yake zubarwa daga ciki, ni kuma ina ƙara masa zafi da murza. Kai ka yi sa'a an sa maka ƙanƙara, an ɗaure, an ɗaga ƙafar. Amma raini bai ƙare a ranar farko ba, yana nan yana jiranka a sansani. In ka fito daga ruwa ka ji wurin ya yi tauri, ko ya ɗan ja ka, ka faɗa a ranar. Kada ka jira sai gobe ka gani. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma ni ya gaya min, ƙin ji na yi.

Bayan 'yan kwanaki wani baƙi-baƙi ya sauko daga sharaɓar ya taru a idon sawu, har gefen tafin ƙafa. Yau na san jinin da ya zuba a ciki ne yake gangarowa, kuma da kansa yake washewa. A lokacin ban sani ba. Da na je gida Rigachikun aka ga ƙafar, aka kuma ji labarin dutsen da ba wanda ya jefa, sai aka kalli juna. Wata goggona ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba ciwon asibiti ba ne. Jifa ne. Wa ke gudu kusa da kai?" Na ce Sale. Ta ce, "In ba ka yi gudun ba, wa za a saka?" Na ce Sale. Ta tafa hannu ta ce to me ya rage.

Na yarda, Nura. Da karatuna da komai na yarda, kuma na gano dalilin daga baya: ya fi min sauƙi in ce wani ne ya cuce ni da in ce ni na jawo. Gaskiyar magana ita ce na yi hutu mai tsawo ban taka ko'ina ba, da na dawo na ga wasanni sun matso sai na ninka horo, a kan kwalta, da wani tsohon kambas da ya cinye, ba na ko ɗumama jiki kafin in fara. Wannan shi ne dutsen. Sale kuwa na daina amsa gaisuwarsa. Ya bi ni har gida yana cewa, "Wai me na yi maka ne, Malam?" na bar shi tsaye a ƙofa. Daga baya aka yi masa canjin wurin aiki, kuma ya rasu ban nemi gafararsa ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ba shi da tushe.

Na kawo maka wannan ne don na ji Goggonka Asabe ta kira ka a waya, kuma na san abin da ta faɗa, domin ni ta fara kira. Wai yaran da kuke horo tare suna baƙin cikin kekenka. Ka gaishe ta da ladabi, ka yi mata godiya, ka bar maganar a nan. Ban ce babu mugunta a duniya ba, kuma addu'a ba ta taɓa cutar da kowa ba, ka riƙe ta safe da yamma. Amma ka dubi abin da ka yi a makonnin da suka wuce kafin ciwon. Ni ina zaune a ƙofar gida ina ganin fitarka da dawowarka, kuma na ga yadda ka ƙara nisa, ka daina hutun ranar Juma'a, kana dawowa leɓenka a bushe. Ba wanda ya jefe ka. Yaran nan da za ka kwana ɗaki ɗaya da su, kada ka shiga cikinsu da baƙar zuciya.

Kada kuma ka ɗauka illar wannan zato a kan Sale kaɗai ta tsaya. Tunda an ce jifa ne, maganin jifa aka nema. Aka kai ni wurin wani malami ya ba ni rubutu da turare. Aka kira wanzami ya kafa ƙaho a kan sharaɓar, ya tsaga, wai a fitar da mugun jinin da aka turo. Daga nan aka wuce da ni wurin mai ɗori, ƙato biyu suka danne ni a kan tabarma, ya kama diddigen ya ja, ya bi naman da babban yatsa yana murzawa yana cewa, "Ga shi nan, ya dunƙule, yanzu zan watsa shi." Dunƙulen da yake ji kuwa wurin da naman ya fara haɗewa ne. Ba mugun mutum ba ne, na ga waɗanda ya ɗora wa karaya suka miƙe. Amma ni ba ƙashi ne ya karye min ba, kuma shi duk abin da aka kawo masa ja yake yi. Don haka ka ji ni da kyau: a sansanin nan za ka samu masu hannu da yawa. Akwai mai tausa, akwai abokin da ya taɓa yin irin ciwon, akwai wanda zai ce ka jingina da bango ka miƙe ƙafar da ƙarfi ta saki. Kowa zai zo da tausayi. Kada ka miƙa wa kowa ƙafar nan sai wanda aikinsa ke nan, shi ma ka haɗa shi da Madam Rifkatu a waya tukuna. In kuma ka ga ta kumbura haka kawai, ta yi zafi, ta yi ja, kada a taɓa ta, asibiti za ka nufa a lokacin.

Babbar wautar tana gaba. Da kwanaki suka tafi, duk da wannan azaba, zafin ya lafa. Ina tafiya ba ɗingishi. Malamin ya ce an karya abin, ya koma kan mai shi. To ka ga lissafin da na yi: in jifa ne, kuma an karya shi, me zai hana ni gudu? Ba wanda ya ce min nama yana da nasa lokacin, kuma zafi yana riga rauni tafiya. Ana cikin haka Daraktanmu ya kira ni ofishinsa, mutumin da bai taɓa sanin sunana ba sai a lokacin wasanni. Ya ce, "Ina fata ƙafar ta warke? Ka san da kai muke taƙama, kada ka ba mu kunya." Na ce, "Ranka ya daɗe, garau nake." Na fito ina jin kaina a sama.

Ranar gasa na haɗiyi ƙwayoyin kashe zafi, na ɗaure sharaɓar tamau da bandeji. Farkon gudun lafiya lau, har ina gaba. Sai na fara jin wurin yana ja, na ce in an jima zai saki. Na canza taku ina sauke nauyi a gefe don in kare shi. Muna hawa wani ɗan tudu na ji ƙara, ɗas, wadda har na kusa da ni ya ji. Wannan karon ban waiga neman kowa ba, don a ƙasa na tsinci kaina. Agarar ce ta tsinke, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sharaɓa da diddige. Ko a nan ma ba asibiti aka fara kai ni ba, an ce jifan ne ya dawo. Lokacin da na isa hannun likita ya duba ya girgiza kai, ya ce na makara, kan jijiyar ya janye sama, abin da za a iya yi kaɗan ne. Daraktan bai zo duba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba, shekara ta zagayo aka samu wani yaron aka saka. Garin neman gira na rasa ido.

Kocinku ban san shi ba, ba zan zage shi ba. Amma na san yana da yara da yawa, kai kuwa ƙafar dama ɗaya gare ka. Zai ce maka dama ba ta zuwa sau biyu. Zai ce ka gwada kaɗan a gani. Wataƙila ma ba zai ce komai ba, kallonka kawai zai yi lokacin da sauran suke ɗaura takalmi, kuma wannan kallon ya fi magana ciwo, na san shi. Ka tuna ma'aunin da Madam Rifkatu ta ba ka, don ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunyar kowa: ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, ka ɗaga diddige ka sauke, ka yi ta yi kamar yadda lafiyayyar take yi, ba zafi, ba rawa. Sai ta yi wannan, sannan tafiya da sauri, sannan sassarfa, sannan gudu. In ba ta yi ba, ba ta warke ba, ko da kana jin za ka iya tsere da doki. Kuma duk ranar da ka ga sai ka sha ƙwaya za ka iya horo, to ranar hutu ce. Gasar bana in ta wuce ka, akwai ta baɗi, in da rai da rabo.

Saura guda, kuma ita ta fi yi min nauyin rubutawa, don kai na yi wa ita. Da na rasa gudu sai na tsane shi. Ka taso da ƙafa irin tawa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuwa maimakon in koya maka abin da na sani sai na ɗaure fuska. Ban taɓa zuwa kallonka ba. Ka kawo lambar yabo daga makaranta, na ce ita za ka ci? A gefe guda kuma ni ne mai cewa namiji ba ya raki. Ka faɗo daga keke kana ƙarami, gwiwarka tana jini, na ce in ka yi kuka sai na ƙara maka. Ka haɗiye kukan, na ce yauwa, haka maza suke. Ka ga abin da na haɗa: yaro mai son gudu, wanda ya iya ɓoye ciwo, wanda kuma ba zai taɓa kawo ƙara wurin ubansa ba. Ranar da aka kawo ka ma, abin da ya fara fita daga bakina shi ne "ai na gaya maka". Ka yafe min wannan.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a bayan taga, ka fito tsakar gida ka ɗauka ba kowa. Ka je bakin dakalin famfo ka tsaya a kan ƙafar, ka ɗaga diddige. Na farko ya tafi. Na biyu ƙafar ta kama rawa. Na uku ka dafe bango, ka cije leɓe, ka daɗe kanka a sunkuye. Da ka ji motsina ka miƙe ka saki fuska, ka ce, "Baba, ina kwana? Ƙafa kam alhamdu lillahi, ta warke." Na amsa maka, amma da ka wuce sai da na share ido. Ba ta warke ba, Nura. Ka sani, ni ma na sani. Na janye abin da na koya maka: in ta yi ciwo ka faɗa, ka faɗa wa koci, ka faɗa wa likita, ka kira ni ka faɗa min, ba zan ce na gaya maka ba.

Wataƙila kana cewa a ranka, to Baba ai ya rayu, ya yi aiki har ya yi ritaya, ɗingishi ne kawai. Bari in gaya maka abin da ɗingishi yake nufi. Lokacin da kakanka ya rasu a Rigachikun kana goye, ba za ka tuna ba. Damina ce, an kwana ana ruwa. Aka yi masa salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Ka san yadda mutanenmu suke tafiya da gawa, da sauri, wannan ya karɓa wancan ya saki. Ni ne babban ɗansa. Na sa kafaɗa, taku kaɗan na yi makarar ta karkata ta wajena, don ƙafar ba ta tura ni gaba, sai dai in jawo ta. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Malam, kawo, ka huta." Na saki. Suka bi ta hanyar gonaki zuwa maƙabarta, ni ina baya cikin taɓo, tsofaffi masu sanda suna wuce ni. Ga hadari ya sake haɗowa, ba a jira kowa ba. Da na isa an riga an jera itace, an fara tura ƙasa. Ƙannena da maƙwabta ne suka saka shi. Ni da ake cewa ba mai kamo ni a garin nan, ban riski ubana ba.

Ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙo. Shekaru sun ja, hawan jinin nan kuma ka san yadda yake yi min. Ba na neman kofi, ba na neman a kira sunanka a rediyo. In ranata ta zo, ina so ka sa kafaɗa a makarata ka kai ni har bakin ramin ba wanda ya ce ka kawo ka huta, ka sauka ka karɓe ni, ka kwantar da ni da hannunka, sannan ka fito da ƙafafunka biyu. Ka bar takalman nan a cikin tawul har sai naman ya haɗe.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya ba ka haƙurin zama lokacin da wasu suke gudu. Allah Ya kiyaye ka a ruwa da kan hanya, Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai gida kana takawa daidai.

Mahaifinka.